Tururuwa a Cikin Ludayi

"Ba zan zubar ba, Hajiya."

Ban ɗaga murya ba, amma ban sunkuyar da kai ba. Hajiya Kulu, mahaifiyar mijina, tana tsaye a kaina da ƙaramin kwanon silba a hannu. Dawowarmu ke nan daga asibiti, ko mayafi ban cire ba, jaririyar tana kan cinyata tana ta juya kai tana neman abin kamawa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan matse shi in zubar ba. Shi zan ba ta."

"Dakashin? Wannan abu mai ruwan ɗorawa kamar mugunya? Ke Haulatu, a gidan nan ba a ba jinjiri dakashi. Matsewa ake yi a zubar har kwana uku, a wanke nono da magani, sai farin ya zo a ba shi."

"Ai ta riga ta sha. Tana faɗowa suka ɗora mini ita a ƙirji."

Hajiya ta juya ta kalli ɗanta. Abdulmuhaimin yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, da rigar da yake zuwa turken awakinsa a Kasuwar Artisan.

"Ka ji ko? Shi ya sa na ce a haihu a gida."

"Haulatu, ki yi yadda Hajiya ta ce mana," ya faɗa yana kallon labule. "Mene ne a ciki? Kwana uku ne fa."

Na buɗe riga a gabansu na ɗora yarinyar. Hajiya ta dire kwanon a kan tebur da ƙarfi ta fita.

Ni malamar makaranta ce, kuma babu ranar awo da ta wuce ni. Na san dakashi shi ne abincin farko da Allah ya tanada wa jinjiri, yana kare shi daga cututtuka, kuma cikinsa a ranakun farko ɗan ƙanƙani ne, ɗigo kaɗan ya ishe shi. Da mijina ya tauna dabino ya shafa wa 'yata a dasashi bayan ya yi mata kiran salla a kunne, ni na riƙe masa kanta. Wannan ban hana ba. Abin da na hana shi ne a raba ta da nonona.

Sai dai sani daban, iyawa daban. Yarinyar kan nonon kawai take kamawa, ta ja kamar za ta cire shi, ta saki, ta canyara kuka. Kafin gari ya sake wayewa kan nonon ya tsage, har da jini. In na matsa, ɗigo biyu uku ke fitowa. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, babu wadda zan kira in tambaya. Gidanmu kuwa gidan haya ne a unguwar Hausawa ta bayan kasuwar Ogbete a Inugu, ɗakuna a jere suna kallon juna, duk kukan da aka yi kowa ya ji.

"Yunwa ce," Hajiya ke cewa daga tsakar gida, kamar da kaza take magana. "Boko dai ba ya cika cikin jinjiri."

Yaya Sa'adiyya, yayar mijina, ita ke yi mini wankan jego. Tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, tana yi mini tsiya.

"Malama, an ce a littafi babu wanka ma ko? Tsaya in fyaɗa miki babi na biyu."

Da na fito daga wankan na tarar da yarinyar tana barci, cikinta ya yi tam, haɓarta tana danƙo. A gefen katifa ga kofi da ƙaramin cokali. Na shinshina: ruwa ne da jiƙon dabino da zuma.

Unguwarmu ba ta da famfo. Tanka ke kawo ruwa a zuba a babban duro na tsakar gida, in ya kusa ƙarewa kana ganin jan laka kwance a ƙasansa.

"Yaya, an tafasa ruwan nan?"

"Hajiya ta ɗiga zamzam a ciki. Me kuma kike nema?"

"Ban tambayi zamzam ba. Na ce an tafasa?"

Ta zauna a bakin katifa ta rage murya. "Ki bar tsohuwar nan ta yi abinta. Ɗanta na fari a nan Inugu ta haife shi, tana yarinya, babu babba a kusa. Ta ba shi dakashi, bai kai suna ba ya koma. Da ta je gida aka ce mata ita ta kashe shi da nononta. Tun daga nan ta rantse. Rabin yaran unguwar nan ita ta wanke su, babu wanda ya sha."

Na ji tausayin Hajiya, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi bai sa na yarda ba.

Abin ya zama kullum. In na shiga wanka, a ɗura wa yarinyar ruwa. In na fito, ta ƙoshi, ba ta kama nono. Nonon ya ciko ya yi tauri kamar dutse, ya yi sheƙi, kan ya shafe har babu inda bakinta zai kama. Da yamma mijina ya shigo da ƙaurin sa da ya sa aka dafa mini, yana fara'a kamar ya kawo maganin komai.

"Ka yi wa Hajiya magana. Ruwan duro ake ba 'yarka."

"Haka aka yi mana duka, ga mu nan da ranmu."

"Duka kuke nan? Ko bayan na farin, babu wanda aka binne?"

Ya ajiye kwanon. "Kada ki kawo wannan maganar. Rai na Allah ne. Ni da wane baki zan ce wa Hajiya ba ta iya goyo ba? Ki yi haƙuri ki lallaɓa, komai zai wuce."

Washegari da la'asar mata 'yan barka suka cika ɗakina, har wasu suna tsaye a baranda. Matan masu shanu, matan masu goro, da maƙwabtanmu Inyamurai biyu da suka kawo sabulu. Yarinyar tana kuka, ni ina gumi, ina ta ƙoƙarin sa mata nono tana kaucewa. Sai Hajiya ta shigo da ludayi.

"Kun ga abin da nake faɗa muku ko? Jinjiri ma ya san abin da zai cuce shi. Yau a bar gardama, a gwada kowa ya gani."

Ban ankara ba ta yaye mini zane. A gaban mata sama da goma ta kama nonona da ya kumbura ta matse da yatsunta masu ƙarfi. Na ciji leɓe don kada in yi ihu. Ya ɗiga a ludayin, mai kauri, mai danƙo. Ta sunkuya a gindin bango ta tsinto tururuwa ta jefa a ciki.

"In nono mai kyau ne za su fito da ƙafarsu. In mugu ne, a ciki za su mutu."

Mata suka miƙa wuya. Tururuwan suka yi ta mutsu-mutsu, ƙafafunsu suna mannewa, suka ja jiki kaɗan, suka tsaya cik.

"Innalillahi," in ji wata. "Mugun nono ne."

"Allah ya rufa asiri da aka gane da wuri," in ji wata.

Hajiya ta zagaya da ludayin kowa ya leƙa. "To ba maganar kwana uku ba ce yanzu. Sai an yi mata magani. Yarinya za ta koma ɗakina. Ubanta mai awaki ne, madara ba za ta gagare mu ba."

A kan tebur ga kwalbar zumar Hajiya, wadda aka aiko mata daga Arewa, wadda ake zuba wa 'yata a ruwa. Na miƙe da zane a hannu. Na tsiyaya zumar a murfin kwano, na je gindin bangon nan na tsinto tururuwa na saka. Ko motsin kirki ba su yi ba. Na ɗaga murfin yadda ta ɗaga ludayinta.

"Hajiya, ashe zumarki ma guba ce. Ita kuma wane magani za a yi mata?"

Wata amarya a bakin ƙofa ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Ɗaya daga cikin Inyamuran ta tafa hannu ta ce, "Chineke!"

Fuskar Hajiya ta canja. "Ni kika yi wa haka? A gaban mutane?"

"A gaban mutane aka buɗe mini ƙirji."

Mata suka fara neman takalmansu.

Da safe, ina bayan gida ana yi mini wanka, Abdulmuhaimin da kansa ya ɗauki yarinyar ya kai ɗakin mahaifiyarsa, ya wuce kasuwa. Da na fito na tarar da katifa wayam. Hajiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofarta, ta cika ƙofar, tana jan carbi.

"Hajiya, ki ba ni hanya."

"Ki ture ni ki wuce. Ai kin iya."

Ba zan iya ture ta ba, ita ma ta san haka. Na tsaya a rana har jiri ya kwashe ni. Na kira mijina a waya.

"Ki bari ta huce," ya ce, ina jin kukan awaki a bayansa. "Ke kika ja. Ai ba gudu aka yi da yarinyar ba, tsakar gida ɗaya kuke."

Tsakar gida ɗaya. Ina jin kukanta ta cikin bango, nonona yana amsawa yana zuba har rigata ta jiƙe. Farin ya riga ya zo, wanda aka ce shi ake jira, amma yanzu an ce shi ma mugu ne. Zazzaɓi ya rufe ni. Aka kawo mini wani jiƙo mai ɗaci aka ce in sha in wanke nono da shi, na tuttular a kwata. Na ga an shiga ɗakin Hajiya da galan na madarar akuya da bulumboti sabo.

Rana ta biyu kukan ya canja. Ya zama siriri, kamar na 'yar mage, yana yankewa. Na leƙa igiyar shanya, na ga tsummokin jinjiri a jere daga wannan bango zuwa wancan. Yaya Sa'adiyya tana durƙushe tana wanke wasu, ta daina tsiya.

"Yaya, zawo take yi?"

Ba ta ɗago ba. "Hajiya ta ce dakashin da kika ba ta ne yake fita."

"Ke kin yarda?"

Ta matse tsumman ta daɗe tana kallonsa. "Tun safe ba ta yi fitsari ba," ta ce a hankali. Ta ɗauki bokiti ta yi bayan gida.

Na koma ɗaki na sa hijabi, na ɗauki katin asibiti, na zauna a bayan labule ina jira. Aka kira azahar. Na ga Hajiya ta yi alwala, ta shiga ɗaki, ta shimfiɗa darduma. Ina jin ta ce "Allahu akbar" na tsallaka tsakar gidan.

Yarinyar tana kan gado, taku ɗaya daga dardumar. Maɗigarta ta faɗa, leɓenta ya bushe, idanunta sun zurma. Na ɗauke ta, na ji ba ta da nauyi. Hajiya ta ɗaga murya a karatunta, ta buga tafin hannu a cinya, ta sake bugawa. Amma ba ta katse sallarta ba. Na san ba za ta katse ba, shi ya sa na zaɓi lokacin. Na fita ba takalmi, na tare keke a bakin titi.

A asibiti nas ɗin ta taɓa kan yarinyar ta dube ni.

"Madam, wetin una give this pikin?"

Na faɗa mata duk abin da aka ba yarinyar: ruwan duro, zuma, madarar akuya. Ba ta tsaya yi mini faɗa ba, ta kira likita. Suka daɗe suna neman jijiya a ɗan hannun nan kafin su sa mata ƙarin ruwa. Ni kuma aka ba ni gado kusa da ita, aka ba ni maganin zazzaɓi.

Nas ɗin ta kawo tawul mai ɗumi ta ɗora mini, ta nuna mini yadda zan tatsa da hannu a hankali, daga baya zuwa gaba, har nonon ya yi laushi. Abin da na tatsa a kofi shi aka riƙa ɗiga wa yarinyar a baki. Da ta ɗan farfaɗo, nas ta gyara mini zama.

"Cikinta ya manne da cikinki. Kada ki kai mata nono, ita za ki kawo wa nono. Sa kan a saitin hancinta. Jira. Jira ta wage baki sosai kamar mai hamma. Yanzu!"

Muka yi ta faɗuwa. Ta kama ta saki, ta kama ta saki. Na yi kuka a gaban baƙuwa, ni da ban yi a gaban Hajiya ba. Sai washegari da hantsi ta wage baki, na jawo ta, ta cika bakinta har da baƙin da ke kewaye da kan, haɓarta ta nutse a jikina. Ban ji zafi ba. Kumatunta suka cika, kunnenta yana motsi. Sai na ji wani ɗan sauti, ƙut, ƙut, ƙut. Haɗiya take yi. Na riƙe numfashi don kada in dame ta.

A haka Abdulmuhaimin ya same mu. Ya tsaya a gefen gado yana kallon 'yarsa tana sha. Ya sa yatsa a tafin hannunta, ta damƙe.

"Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da sai dai wani labarin," na ce.

"Ya faɗa mini." Ya zauna a kan benci ya dafe kai. "Haulatu, Hajiya ta rantse. Ta ce kin tozarta ta a gaban mata, kin sace yarinya tana salla. Ta ce in kika sake taka gidan nan ba ki cika sharaɗinta ba, za ta ɗaga mini nono. Ta ce ba ta yafe mini ko ɗigo ɗaya da na sha ba."

"Mene ne sharaɗin?"

"Ki durƙusa a gaban matan da suka ga abin, ki ba ta haƙuri. Sannan ki miƙa mata yarinya har arba'in, a yi miki magani."

"Haƙuri zan ba ta. Maganar zuma na yi kaushin baki, zan durƙusa har ƙasa a gaban duk wanda ta tara. Yarinya kuwa ba za ta sake yin nesa da ƙirjina ba."

"Duka biyun take so."

"Kai fa? Me kake so? Ga ta nan kana ganinta."

"Na gani. Wallahi na gani." Idanunsa suka kawo ruwa. "Amma uwata ce. Nononta na sha."

"Wannan ma na uwarta take nema."

Ya miƙe ya gyara hula. "In an sallame ku, ki ɗan je Fegge, can Onitsha, wurin Bappanki. Kafin ta huce."

Ranar suna muna gadon asibiti. A masallacin unguwa aka raɗa, a waya aka gaya mini. Tun ina da ciki aka ce in mace ce za a mai da sunan Hajiya, amma ta ce kada a kuskura a sa sunanta ga 'yar da aka shayar da mugun nono. Aka sa mata Ikram. Aka yanka rago, aka soya, aka raba gida-gida, babu mai jego babu jinjiri.

Ƙanin mahaifina, Bappa Ahmad, yana sayar da albasa da wake a Onitsha. Ya karɓe ni, ya ba ni ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa a Fegge, inda ake ajiye buhunan da babu komai. Amma bai goyi bayana ba.

"'Yar nan, ki koma ki ba da haƙuri. Gaskiyarki ce, na ji. To gaskiyar za ta riƙe miki aure?"

"Bappa, na ba da haƙuri sau uku a waya, tana kashewa."

"To ki ba ta yarinyar mana. Kwana nawa ne arba'in?"

"Kwana biyu kawai ta yi a hannunta, Bappa."

Ya kaɗa kai ya koma kan buhunansa.

Yanzu Ikram ta fara zama. Wuyanta ya yi ninki, cinyoyinta sun yi ɓul-ɓul, tun fitowarmu asibiti ko ruwa ba ta ɗanɗana ba sai nonona, kuma ba ta sake kwanciya ciwo ba. Na tura wa Yaya Sa'adiyya hotonta. Ta ce ta nuna wa Hajiya, Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce addu'arta ce Allah ya karɓa.

Hajiya ba ta huce ba. A Ogbete sunana matar da ta saci jinjiri ana salla, mai nonon da ke kashe tururuwa. Makarantar da nake koyarwa ta kwamitin unguwa ce, hutun haihuwata ya ƙare ina Onitsha, sun ɗauki wata. Abdulmuhaimin bai sake ni ba, bai kuma ce in dawo ba. Yana aiko mana da nama ta hannun direbobi, yana kirana daga kasuwa, bai taɓa kira daga gida ba. In ya ji muryar yarinyar sai ya ce kwastoma ya zo.

Na rasa ɗakina, na rasa aikina, na rasa sunana a unguwar da na zauna da mutunci. Mijina yana nan da rai, amma ba ni da shi. 'Yata ba ta san fuskar ubanta ba. Abin da na biya ke nan don in ba 'yar da na haifa nonon da Allah ya zuba mini saboda ita. Tana kan cinyata yanzu, ta kama, tana haɗiya. Da za a sake miƙo mini kwanon silbar nan, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.